Folda ta ƙi goguwa har tana kashe maka kwamfuta? Ga yadda nake bi da ita

Wani ƙanina ne ya kawo min laftof ɗinsa kwanakin baya, wai akwai wata folda a cikin D: da ya zuba bidiyoyin biki, da zarar ya buɗe ta ko ma ya ɗora linzami a kanta sai komai ya sandare, gumakan kan allo su ɓace su dawo, wani lokacin ma sai shuɗin allon nan ya fito kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Ya danna dilit ya fi a ƙirga, ta ƙi. Har ya yanke shawarar a yi mata fomat gabaɗaya. Na ce masa ya dakata tukuna, domin foldar da ke kayar da kwamfuta yawanci wani abu ne ya same ta, in kuma faifan ajiyar ne ke ciwo to fomat ɗin ma ɓata lokaci ne, bayan sati biyu zai dawo min da kuka.

Kafin komai, ka kwashe kayanka masu muhimmanci ka kai su fulash ko wani had disk na waje. Takardun aiki, hotuna, furojet ɗin makaranta, duk abin da in ya salwanta za ka kasa barci. Ita foldar mai rigima kar ka taɓa ta yanzu. Na san mutane na tsallake wannan don suna sauri, amma umarnin da za mu yi amfani da su a ƙasa ba sa kai abu Recycle Bin, in ya tafi ya tafi kenan.

Sai ka tsaya ka lura da irin faɗuwar da take yi, don iri biyu ne kuma maganinsu daban. Idan allo ne kawai ke ƙiftawa, tagar folda ta rufe kanta, ko ka ga saƙon COM Surrogate has stopped working, to File Explorer, wato manhajar da ke buɗe maka foldoji, ko mataimakinsa ne ke faɗuwa, Windows ɗin kansa lafiyarsa lau. Abin da ke faruwa shi ne duk sanda ka buɗe folda Explorer yana ƙoƙarin leƙa kowane bidiyo da hoto don ya nuna maka ɗan ƙaramin hotonsa, in ya ci karo da fayil ɗin da ya lalace sai ya shaƙe. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka nemi File Explorer Options, ka shiga View, ka sa alama a Always show icons, never thumbnails, ka kuma kashe Preview pane in a kunne yake. Sau da yawa daga nan foldar za ta buɗe salin-alin ka goge abinka.

Amma idan shuɗin allo ne, musamman in ka ga an rubuta NTFS_FILE_SYSTEM ko KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR a ƙasa, to magana ta koma kan faifan. Haka ma in Windows ya ce maka The file or directory is corrupted and unreadable, ko ya ba ka lambar 0x80070570 ko 0x80070091. In allon ya wuce da sauri ba ka karanta ba, danna maɓallin Windows da R ka rubuta perfmon /rel, zai nuna maka tarihin faɗuwar rana-rana da jan alama.

A nan ne nake son ka ɗan yi haƙuri. Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka buɗe ta ka ga abin da take faɗa game da lafiyar faifan. In ta nuna Good da shuɗi, madalla. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa kuma ka ga Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count sun ɗaga, ko kana jin faifan na ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, wallahi ka bar maganar goge folda, ka kwashe sauran kayanka ka nemi sabon faifai, in da hali ma SSD. Foldar ta zauna ne a kan wurin da ya ruɓe, duk sanda kwamfuta ta kai hannu wurin sai ta tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba. Yi wa irin wannan faifan dogon bincike na iya ƙarasa shi.

Na ƙanin nawa Good ya nuna. Da na matsa masa da tambaya sai ya tuna yana cikin kwafar bidiyoyin aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma dama ya daɗe da mutuwa, sai ta mutu ɗif a tsakiyar aiki. To ka ji asalin matsalar. NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a kan faifai, yana da wani babban kundi da yake rubuta sunan kowane fayil da inda yake, in wuta ta yanke ana cikin rubutu sai lissafin ya iya rikicewa, foldar ta ce akwai kaya a cikinta alhali kayan ba sa inda aka ce suna.

Mai gyara wannan shi ne chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai. Ka rubuta cmd (tagar rubuta umarni) a wurin bincike, ka danna dama a kansa ka zaɓi Run as administrator, sai ka rubuta

chkdsk D: /f

ka sa harafin faifan da foldar take. In a C: take zai ce ba zai iya yanzu ba sai an sake kunna kwamfuta, ka danna Y ka yi ristat ka ƙyale shi ya gama. Akwai kuma /r wanda ke bin faifan gaba ɗaya yana neman wuraren da suka lalace, shi wannan yana iya cin awanni, don haka kar ka fara shi sai kana da tabbacin wuta ko batiri mai rai, in ba haka ba ka je gyaran gira ka rasa ido. Bayan ya gama kana iya ganin wata ɓoyayyiyar folda FOUND.000 da fayiloli masu ƙarewa da .CHK, gutsattsarin da ya tsinto ne, ba bairos ba ne.

In ya gama ka gwada goge foldar. Ni dai daga nan ba na komawa Explorer, a cmd ɗin nake gamawa da ita:

rd /s /q "\\?\D:\Biki\bidiyo"

Ka sa adireshin taka foldar a madadin wannan na misali, ka duba shi sau biyu kafin ka danna Enter, in ka manta ka tsaya a D:\Biki to duk Bikin zai tafi. Wannan \\?\ ɗin na farko yana da amfani sosai, yana ce wa Windows ya ɗauki sunan yadda yake kar ya tace shi. Shi ke maganin foldar da sunanta ya ƙare da ɗigo ko fili, wadda Windows ke ce maka Could not find this item alhali kana kallonta da idonka, da kuma masu sunayen da aka haramta tun zamanin DOS irin su CON, PRN, AUX, NUL, COM1 da LPT1. Irin waɗannan sukan shigo ne daga waya ko Linux ko cikin fayil ɗin zif.

Wata matsalar kuma tsawon adireshi. Tsohuwar dokar Windows haruffa 260 ce, folda cikin folda cikin folda har a wuce iyaka sai Explorer ya ce shi bai san zancen ba.  Dabarar da na fi so ita ce ka ƙirƙiri folda wofi ka ce wa robocopy, umarnin kwafar foldoji, ya mai da mai rigimar ta zama irinta:

mkdir C:\wofi
robocopy C:\wofi "D:\Biki\bidiyo" /MIR

Zai share duk abin da ke ciki, sai ka goge ɓawon. Wofin ne a farko, mai rigimar a ƙarshe, kar ka juya su.

In kuma cewa yake yi wata manhaja na amfani da foldar, danna maɓallin Windows da R ka rubuta resmon, shiga CPU, a akwatin Associated Handles ka rubuta sunan foldar, zai tona maka asirin wanda ya riƙe ta, sau da yawa anti-bairos ne ko OneDrive ko fileyar bidiyo da ba ta rufe da kyau ba. Ka rufe shi ka sake gwadawa. In Access denied yake ba ka, wanda ya fi faruwa da faifan da aka ciro daga wata kwamfutar, sai ka karɓe mallakar foldar:

takeown /f "D:\Biki\bidiyo" /r /d y
icacls "D:\Biki\bidiyo" /grant administrators:F /t

Don Allah kar a je a gwada wannan a kan System Volume Information ko WinSxS ko WindowsApps wai don suna cin wuri, waɗannan na Windows ne da gangan ya hana ka. Windows.old ma da Disk Cleanup ake cire ta.

Idan kwamfutar ba ta ma barin ka ka yi komai, misali foldar a kan Desktop take tana kayar da Explorer tun daga kunnawa, ka riƙe Shift a allon shiga ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sai ka danna 6, zai kai ka Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, mai cmd kaɗai ba tare da Explorer ya tashi ba. Duk umarnin nan na sama suna aiki a can.

In duk sun ƙi, saura Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a fulash da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga fulash ɗin ka zaɓi Try Ubuntu, kar ka kuskura ka zaɓi Install. Shi Linux bai damu da dokokin sunan Windows ba, za ka ga foldar ka goge ta. Sai dai ka tabbata ka kashe Windows ɗin da gaske kafin nan, ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, saboda Fast Startup, tsarin da ke sa Windows saurin tashi, yana barin faifan a kulle Ubuntu ya buɗe maka shi don karatu kawai. In ka dawo Windows ka sake bin sa da chkdsk /f.

Shi ƙanin nawa ba mu kai can ba, chkdsk ya gyara lissafin, muka ceto bidiyo huɗu daga cikin biyar, na biyar ɗin da ake kwafa lokacin da wuta ta tafi shi ne ya mutu, rd ya share foldar cikin ƙiftawar ido. Batirin kuwa har yanzu bai saya ba.