Kafin ka sake biyan kuɗin GMAT

Maki 595 na gani a fuskar kwamfuta ranar da na gama GMAT, jarrabawar neman shiga digiri na biyu a harkar kasuwanci, a Abuja, cikin watan Agustan 2024. Na fito na zauna a kan dakali, fasfo ɗina a hannu, raina a jagule. Kafin jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar Rigasa ta Kaduna na riga na tsayar da magana: bayan kwana 16 zan koma, domin iyakar tazarar ke nan da hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta gindaya tsakanin zama ɗaya da wani. Da daddare Yayana ya zo gida. Da na gama zayyana masa, sai ya ce, "To ƙanwata, ina ne aka samu matsala?" Na ce, "Lissafi, Yaya." Ya ce, "Wane irin lissafi?" Na yi shiru. A nan na gane cewa zafin rai ne ke shirin mayar da ni ɗakin jarrabawa, ban ma san abin da zan je in gyara ba.

Tun daga nan, duk mai neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, da ya tambaye ni ko ya sake ko kada ya sake, tambayar Yayana nake fara yi masa. Amma akwai abin da ya kamata a share tukuna.

GMAT ba irin WAEC ba ce da ake cewa an ci ko an faɗi. Maki ne kawai, kuma darajarsa tana ga makarantar da za ka kai wa. Sannan ma'aunin ya canza. Tsohuwar jarrabawar, wadda aka rufe a ƙarshen Janairun 2024, daga 200 zuwa 800 take. Sabuwar da ta fara a Nuwamban 2023 daga 205 zuwa 805 ce, kuma lambobin ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa: 645 na yanzu daidai yake da wajen 700 na da. Na ga mutane sun ɗauki makinsu na sabon ma'auni sun jera shi da 740 da Harvard ta bayyana a matsayin matsakaicin makin ɗaliban da ta ɗauka a 2023, sai gwiwarsu ta yi sanyi a banza, alhali wannan 740 ɗin tsohon ma'auni ne. Ka tabbata da mudu ɗaya kake awo.

Daga nan ka rubuta makarantun da da gaske za ka nema, uku ko huɗu, ka nemo bayanin ajin da suka ɗauka bara. Yawancinsu suna faɗin matsakaicin maki, wasu kuma suna ƙarawa da iyakokin da kashi 80 cikin 100 na ɗaliban suka faɗa ciki. Idan kana kan matsakaicin ko ka haura shi, ka rufe littafin GMAT, ka fuskanci sauran takardu. Idan kana ƙasa da gindin iyakar, nan ma babu dogon tunani: ko ka sake, ko ka canza makaranta. Wahalar tana ga wanda ke tsakani, ya shiga iyakar amma yana ƙasa da matsakaici da maki 30 ko 40. Nan nake a lokacin.

Mai irin wannan hali, rahoton sakamakonsa ne zai raba masa gardama. 'Yan kwanaki bayan jarrabawa ake fitar da shi, kyauta, kuma mutane da yawa babbar lambar kawai suke kallo su rufe. Jarrabawar sassa uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23, sai nazarin bayanai tambaya 20, inda ake ba ka jadawalai da zane-zane ka fitar da amsa. Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, kuma nauyinsu ɗaya a jimilla. Rahoton yana nuna tambayar da ka samu da wadda ka rasa, da lokacin da kowacce ta ci maka.

Da na zauna da nawa rahoton a kan tabarma da biro, sai na ga ashe lissafin da nake zargi ba shi da laifi sosai. Sashen nazarin bayanai ne ya ja ni ƙasa. Tambayoyi biyu a farkon sashen sun cinye mini kusan minti 13, domin na ƙi rabuwa da su, daga baya na yi ta cankar amsa a huɗun ƙarshe agogo yana bina. Wannan ciwo ne mai suna, yana da magani. Da a ce rahoton ya nuna ina rasa tambayoyi a ko'ina, masu sauƙi da masu wuya, ba tare da lokaci ya matsa mini ba, to da tushen ne bai zauna ba, kuma kwana 16 ba sa gina tushe.

Ka haɗa wannan da jarrabawar gwaji. GMAC tana bayar da guda biyu kyauta, sauran a saya. Idan gwajin da ka yi kafin ranar yana ba ka 635 ko 645, ranar kuma ka samu 595, alama ce cewa abin yana cikinka, fargaba ce ko rashin barci ko gajiyar hanya suka tauye ka. Sakewa a nan tana da ma'ana. Idan kuwa gwajin ma 595 yake ba ka, jarrabawar gaskiya ta faɗa maka. Sai dai ka yi wa kanka adalci: gwajin da aka yi ana dakatar da agogo, ana amsa waya, ana leƙa kalkuleta a sashen lissafi inda ba a yarda da ita ba, ba gwaji ba ne. Ni ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce ba zan sake yin rajista ba sai na samu makin da nake so sau biyu a jere, a zaune cur awa biyu da kwata, a daidai lokacin da zan yi ta gaske.

Sai kalanda, wadda ita ce ta fi cin mutane. Manyan makarantun Amurka zagaye-zagaye suke karɓar takardu, na farko a wajen Satumba, na biyu a farkon Janairu, wasu da na uku a wajen Afrilu. Kafin ranar rufewa akwai rubuce-rubucen da za ka bayyana kanka da burinka, akwai wasiƙun shaida daga shugabanninka na aiki, waɗanda sai ka bi su da lallami makonni, akwai takardun jami'a. Ni a banki nake aiki, ƙarshen wata ba na ganin gida sai bayan isha'i. Awa biyun da nake da su da asuba, ko GMAT ta ci su ko rubutu ya ci su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarin maki 20 tare da rubutun da aka yi cikin dare biyu, a ganina, asara ce. Idan sakewa dole ce kuma lokaci ya ƙure, gara ka bar zagayen farko ka shiga na biyu da shirinka cikakke. Na uku kam ban ba ɗan ƙasar waje shawararsa ba, domin gurabe da tallafi sun ragu, ga neman biza a gaba.

Kuɗi ma ba abin rainawa ba ne. Na biya wajen dala 275, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mai ɗaukar albashi a naira. Ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga kuɗin fom na kowace makaranta da sau da yawa ya haura dala 200. Ana iya yin jarrabawar a gida ta intanet, amma da yanayin wuta da sabis ɗinmu ban yarda in jingina wannan kuɗi a kansu ba. Abin da ya rinjaye ni shi ne tallafin karatu. Ba ni da halin biyan MBA daga aljihuna, kuma maki yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen raba tallafi. Wanda kamfaninsa zai biya masa, gurbi kawai yake nema, lissafinsa daban ne da nawa.

Akwai tsoron da ke hana wasu sakewa, wato kada makin ya sauko. Yana iya saukowa. Amma a sabon tsarin sai ka ga makinka kafin ka zaɓi wanda za ka tura, kuma wanda ka tura makaranta ke gani. Idan fom ya tambayi sau nawa ka zauna, ka faɗi gaskiya. Ana iya zama har sau biyar cikin wata 12, makin kuma yana aiki shekara biyar. Wanda ya yi sau biyu da shiri na haƙiƙa makin bai motsa ba, ya gwada GRE, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu, kafin ya biya na uku. Yawancin makarantun kasuwanci suna karɓarta, ana amfani da kalkuleta a lissafinta, sai dai tana son tarin kalmomin Turanci masu wuya.

Ni dai mako bakwai na ɗauka. Ban sake buɗe babin da na iya ba. Kullum bayan sallar asuba ina yin tambayoyin jadawali goma da agogo a gabana, duk wadda ta wuce minti uku in zaɓi amsa in yi mata alama in wuce, tunda ana barin mutum ya koma ya canza amsa har uku a kowane sashe. A zama na biyu kuma na je Abuja kwana ɗaya kafin ranar, na fara da sashen nazarin bayanai tun kaina yana da sanyi, domin kai ke zaɓar jerin sassan. A watan Oktoba 645 ya fito. Zagayen farko ya wuce ni. Wata ƙawata ta ce in ƙara zama ko zan kai 675, amma gwaje-gwajena ba su taɓa wuce 655 ba, wasiƙar shugabana kuma ko fara ta ba a yi ba. Na tura 645 ɗin ga makarantu uku, na ba wa rubutuna watan Nuwamba da Disamba, na miƙa takarduna a makon farko na Janairu.