Yadda Ake Fitar da Lambar Tarayya Daga Cikin Tarawa

Mai sayar da ƙwai ya karɓi kiret 17 da safe, 13 da yamma, kowane kiret ƙwai 30. Ɗalibi zai yi 30 sau 17 ya sami 510, ya yi 30 sau 13 ya sami 390, sannan ya tara. Mai ƙwai kuwa cewa zai yi kiret 30 ke nan, ƙwai 900, ya wuce wurin. A rubuce, abin da ya yi shi ne 30 × 17 + 30 × 13 = 30 × (17 + 13).

Idan lamba ɗaya ta ninka kowane ɓangare na tarawa, ita ce lambar tarayya; ana fitar da ita gaban baka, wato alamar ( ), sauran su zauna ciki. A debewa ma haka: 9 × 57 − 9 × 47 = 9 × 10 = 90.

Wani lokaci lambar a ɓoye take, kamar a 48 + 72. Nemi mafi girman lambar da za ta raba su duka ba saura. 2 ta raba, amma 2 × (24 + 36) aiki ne rabi, domin 12 na raba abin da ke cikin bakan. Amsar ita ce 24. Raba 48 da 24 ka sami 2, raba 72 ka sami 3, ka rubuta 24 × (2 + 3). Haka 14 × 6 + 7 × 8: ai 14 × 6 daidai yake da 7 × 12, sai lissafin ya koma 7 × (12 + 8) = 7 × 20, wato 140.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne mantawa da 1. A 8 × 25 + 25, 25 ɗin ƙarshe 25 sau 1 ce, don haka amsa 25 × (8 + 1) = 225. Wanda ya rubuta 25 × 8 kawai ya zubar da 25 guda.

Kada a kai wannan dabara kan lambar da ake rabawa da ita: 12 ÷ (2 + 4) amsarsa 2, amma 12 ÷ 2 + 12 ÷ 4 ta ba da 9.

Kafin ka ajiye biro, ninka lambar waje da kowace ta ciki. 24 × 2 ya dawo da 48, 24 × 3 ya dawo da 72. In ɗaya bai dawo ba, a wurin rabawa ka yi kuskure.