Yadda ake lissafin nisa da awannin tafiyar jirgi tsakanin filayen jiragen sama biyu

Ka fara da tantance filayen biyu, kada ka tsaya ga sunan gari kawai. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku: Heathrow na Landan LHR ne, filin Kennedy na New York kuma JFK. Manyan birane kan mallaki fili fiye da ɗaya.

Daga nan sai nisa. Kada ka ɗora rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, za ta yaudare ka, domin duniya a dunƙule take. Ka samo taswira mai siffar ƙwallo, ka danne bakin zare a kan Landan, ka ja shi tam zuwa New York. Za ka ga zaren ya karkata arewa, ya bi ta kan Ayalan, ya gangaro ta gabashin Kanada. Wannan ce hanya mafi kusa, kimanin kilomita 5,550. Idan ka ga an rubuta nisa da mil na teku, ka ninka shi da 1.852 ka samu kilomita.

Sai ka raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja kan yi kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 5,550 da 850 ya ba ka awa shida da rabi. Ƙara kamar rabin awa na hawa, saukowa da jiran layi a titin jirgi, ka samu bakwai.

To, a nan fa mutane da yawa ke tsayawa, alhali ba a gama ba, saura iska. Can sama, wajen kilomita 10, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, a lokacin sanyi gudunta kan haura kilomita 200 a awa. Jirgin da ya nufi New York yana gaba da gaba da ita, shi ya sa yakan kai kusan awa takwas. Mai dawowa Landan kuwa tura shi take yi ta baya, sau da yawa bai cika bakwai ba. Nisa ɗaya, lokaci daban.

Rufe sararin samaniya ma yana sauya lissafi. Tun 2022 jiragen Turai da dama ke kewaye Rasha, sai tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo ta koma kusan awa 13.

Abu na ƙarshe, agogo. Lokutan da ke kan tikiti na kowane gari ne. Jirgi ya tashi Landan ƙarfe 10 na safe, ya sauka New York ƙarfe 1 na rana, ba awa uku ya yi ba. Landan na gaba da awa biyar, ka haɗa su, takwas ke nan. In akwai yada zango, ka lissafa kowane ɓangare daban, sannan ka ɗora lokacin jira a kai.