Yadda dillali zai kwantar da hankalin mai sayen gida a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru

Mai sayen gida yakan zo da fargaba iri uku: kada a sayar masa da gidan da aka riga aka sayar wa wani, kada magada su taso bayan ya biya, kada kuɗi su ƙaru ana tsakiyar ciniki. "Kada ka damu, Alhaji" ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Abin da ke sanyaya zuciyarsa shi ne ya san inda aka kwana da abin da ya rage.

Tun zaman farko, kafin a je ganin gida, ka shimfiɗa masa hanyar gaba ɗaya: ganin gida, binciken takardu, awon fili, sa hannu a gaban notar (jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki), sauya suna. Sannan ka rubuta masa lissafi a takarda: farashin gida, la'adarka, kuɗin notar, harajin rajista, ladan mai awo. Adadin kuɗin notar da na haraji daga ofishin notar za ka karɓo su, kada ka ƙiyasta da ka. Sefa dubu ɗari da ta ɓullo daga baya ta fi miliyan ɗin da aka faɗa tun farko ɓata ciniki, domin daga ranar zai fara zargin kowace magana taka.

Maganar takardu ce ke bukatar haƙuri. Yawancin gidajen tsofaffin unguwanni takardar ciniki kawai gare su, mai ɗauke da sa hannun jauro ko lawan da shaidu. Tana da amfaninta, amma a dokar Kamaru titir fonsiye ne shaidar mallakar ƙasa, kuma dokar filaye ta 1974 ta ce cinikin fili mai titir sai a gaban notar, in ba haka ba cinikin ya ɓaci. Ka faɗa wa mai saye irin takardar da gidan ke da ita tun ranar farko. Idan mai titir ne, kada ku tsaya a kwafin da mai gida ya nuna. A nemo sabuwar takardar shaidar mallaka daga ofishin adana takardun filaye, wadda za ta nuna sunan mai gidan a yau da ko an jinginar da shi a banki. Ku je tare da mai sayen, ya gani da idonsa. Wanda ba ya karanta Faransanci, a karanta masa layi-layi da Hausa ko Fulatanci, a gaban ɗansa ko wani da shi ya zaɓa da kansa.

Gidan gado kuwa, a nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, a ji ta bakin kowannensu, har matan da ke aure a wani gari. Babban wa shi kaɗai bai isa ba, ko da ya rantse.

Ku tsayar da ranar bayani, misali kowace Litinin da Alhamis bayan la'asar. Ka kira ko da babu sabon labari: "Hajiya, takardar tana ofis, ba ta fito ba, jibi zan koma." Shirun kwana biyar ya isa dangi da maƙwabta su cika mata kunne da labarin waɗanda aka damfara. Ga wanda ke fatauci a Duwala ko Injamena, saƙon murya a WhatsApp da hoton kowane rasiɗi sun wadatar. Kada ka yi alkawarin ranar da aiki zai fito daga ofishin gwamnati, tunda ba a hannunka yake ba. Ka faɗi ranar da kai za ka koma bibiya.

Aibin gida ya fito daga bakinka kafin maƙwabta su faɗa. Idan ruwa na kwanciya a unguwar a watan Agusta, kamar wuraren da ke kusa da kogin Binuwai a Garwa ko kogin mayo Kaliyawo a Marwa, ka nuna masa tabon ruwan a jikin katanga. Idan turakun iyaka sun ɓace, a kira mai awo kafin a biya ko sisi.

Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce hannu sai da rubutu: nawa aka bayar, wa ya karɓa, a wane hali za a mayar. Ragowar kuɗin a biya ta hannun notar. A cikin yarjejeniyar a sa ranar da 'yan haya za su tashi, da wanda zai biya tsohon bashin wuta da ruwa, a kuma ɗauki hoton lambar mita ranar miƙa makulli.