Yadda za ku ci moriyar haɗuwarku a gidan iyaye kafin kowa ya kama gabansa

Idan 'yan'uwa suka girma, aiki da aure da karatu suka rarraba su, kwana 2 ko 3 da za su samu su taru a gidan da suka tashi ba ƙaramin abu ba ne, amma sau da yawa kwanakin kan ƙare a gaishe-gaishe ba tare da an taɓo abin da ya fi muhimmanci ba. Saboda haka, tun kafin kowa ya taso, a san ranar isowar kowane mutum da ranar tafiyarsa, domin a gano lokacin da dukkanku za ku kasance a gida tare.

Ranar farko a bar wa iyaye ita. Zaman shawara kuwa a yi shi a rana ta biyu, kada a jinkirta shi zuwa daren ƙarshe, lokacin da an riga an ɗaure kaya kuma hankali ya koma kan hanya, domin maganar da aka fara a irin wannan lokaci ba ta kammaluwa, sai dai kowa ya tafi da guntun ɓacin rai.

A wannan zama, wanda ya fi cancanta a fara saurara shi ne wanda ya zauna tare da iyaye sa'ad da sauran suka yi nisa. Shi ne ya san wace ƙwaya Baba ke sha da safe a cikin ledar magungunan da ke gefen gadonsa, shi ne kuma ake tasa da tsakar dare idan jikin Mama ya motsa. Wanda ya zo daga nesa kan shigo da idon baƙo, ya hango tsagewar bango da famfon da ke yoyo, ya fara tambayar dalilin da ya sa ba a gyara ba, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina babu abin da ke ɓata irin wannan haɗuwa da sauri kamar wannan tambaya. Ya fi kyau ƙane ya ce, "Yaya, mene ne ya fi yi miki nauyi a watannin nan?" sannan ya yi shiru har ta kai aya.

Duk abin da aka amince da shi a rubuta shi: sunayen magunguna da adadin da ake sha, ranar komawa ganin likita, inda takardun gida suke da wanda ke riƙe da su. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa kowa. Gudummawa ta kasance daidai ƙarfin mutum, da ranar da za ta riƙa zuwa a kowane wata, wanda hannunsa bai kai ba kuma ya ɗauki nauyin zuwa ya zauna na mako guda domin mai jinya ya huta.

Ku lura da cewa da zarar an tako ƙofar gida, kowa kan koma matsayinsa na yarinta, babba ya yanke hukunci, auta ya sunkuyar da kai, ko da shi ma yana da iyalinsa. Girman babba yana nan, sai dai zai ƙaru idan ya nemi ƙannensa su fara faɗin ra'ayinsu. Tsohon saɓani tsakanin mutum biyu kuma a warware shi a keɓe, ba a gaban iyaye ko surukai ba.

Ku ware sa'a guda ku naɗi muryar iyaye suna ba da tarihin gida da sunayen kakanni, kuma kada kowa ya ɗauki tsohon hoto ko wani kayan tunawa ba tare da sanin sauran ba. Kafin na farko ya fita, a tsayar da ranar haɗuwa ta gaba. In da hali, kada ku watse duka a safiya ɗaya. Ɗayanku ya ƙara kwana, domin kada gidan da ya cika da hayaniyar jikoki ya yi wa iyaye tsit lokaci guda.