Feda uku sun ishe ka fita wasa da jita

Kafin ka kashe ko sisi a kan feda, wato ƙaramin akwatin nan da mai jita ke takawa da ƙafa don sarrafa sauti, tsuguna gaban amfilifayarka ka karanta abin da aka rubuta a goshinta. Abin da ke jikinta shi zai gaya maka abin da ba ka buƙatar saya. Idan Roland JC-120 ce, wadda ta fito tun 1975 kuma har gobe ana ƙera ta, to koras (mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu) da ribab (amo irin wanda ɗaki ke dawowa da shi) suna ciki, sayen fedarsu ɓarnar kuɗi ne. Na sha ganin yaro ya tara kuɗin wasa na wata da watanni ya sayo feda, ashe abin da take yi amfilifayarsa ma tana yi, bai dai taɓa murɗa wurin ba.

Sai ka tambayi kanka inda ka fi yin kiɗa. Mai kaɗa jita a filin biki, janareta na ruri a bayan rumfa, 'yan rawa na ta da ƙura, lissafinsa daban da na wanda ke zaune a ɗakin ɗaukar sauti mai sanyi. Ni ɗan fili ne, shawarata ma ta ɗan fili ce: feda uku da wuta mai kyau. Ta saita tsirkiya, ta ƙara wa sauti kaushi, da ta eko. Sauran duk na iya jira.

Fara da wadda ba ta da daɗin saya, wato tiyuna, fedar saita tsirkiya. Kowa na jin ƙyashin ba da kuɗi a kan abin da ba ya canza sauti, amma jita ta wuni cikin zafin mota, aka fito da ita bayan Magariba iska ta yi sanyi, dole tsirkiya ta goce. Manhajar waya da kunne take ji, ga ganga, ga mai gabatarwa na ta kirari a lasifika, ba za ta ji ka ba. Fedar kuwa ta cikin wayar da aka jona da jita take karɓar sautin, kuma da ka taka ta sai ta yi wa jitar shiru, ka saita abinka ba wanda ya ji. Wannan shirun ma kansa aiki ne: da shi za ka zare waya ko ka canza jita ba tare da lasifika ta yi wa mutane tsawa ba. Boss TU-3 ita ce ruwan dare, tana da saitin ƙara haske don wasan rana. PolyTune ta TC Electronic, wadda ta fito a 2010, takan nuna maka tsirkiya shida a bugu ɗaya. Kowacce ka samu, tabbatar tana gane kowane sauti, ba shidan nan da aka saba kaɗai ba, domin masu kiɗa irin na Agadas da yawa suna sassauta wata tsirkiya ko su ɗaure ta yadda waƙar ke so.

Feda ta biyu ita ce inda ake yawan ɓata kuɗi. Fedojin kaushi iri uku ne, kuma duk aikinsu ɗaya: su tura sauti fiye da ƙima har kansa ya yanke. Obadirab tana yanka kaɗan, a tausashe. Distoshan tana yanka sosai. Fuz kuwa murƙushe shi take yi gaba ɗaya. Sabon shiga yakan tafi kan distoshan, galibi Boss DS-1 mai ruwan lemo, wadda ta fito a 1978, saboda tana da araha kuma a ɗaki kai kaɗai tana sa ka ji ka zama wani abu. Feda ce mai kyau a wurin da ya dace da ita. Amma haɗa ta da amfilifaya mai tsabtar sauti irin JC, ka murɗe ta ƙarshe, ka shiga cikin makaɗa, abin da za a ji daga nesa kamar ƙudan zuma ne a gwangwani. Balle idan da yatsu kake kiɗa, babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri yana maimaita bugu, manuni na zuba waƙa a kan sirara. Kaushi mai yawa yakan cakuɗa biyun su zama abu ɗaya, a rasa wanne ne wanne.

Shi ya sa nake cewa obadirab. Ibanez Tube Screamer, koriyar nan da ta fito a 1979 da lamba TS808, sannan TS9 a 1982, tana da wata dabara: tana rage ƙasan sauti, ta ɗaga tsakiyarsa a wajajen 720 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Ka gwada ta kai kaɗai sai ka ji kamar ta rage wa jitar jiki. Cikin taro kuwa nan ne amfaninta, don bes da ganga sun riga sun cika ƙasa, piyano ya bazu ko'ina, wannan tsakiyar ce hanyar da jita za ta bi ta fito. Boss SD-1 ruwan ɗorawa, ta 1981, 'yar uwarta ce kuma ta fi sauƙin kuɗi. Boss BD-2 shuɗiya, ta 1995, ba ta rage ƙasa sosai, kuma tana bin hannu: ka taɓa a hankali ta yi tsaf, ka danna ta yi gurnani. Ni ita na fi so idan makaɗan ba su da yawa. Idan aljihu bai kai ba, Joyo da Mooer da Behringer suna yin kwaikwayon waɗannan fedoji, sautin bai yi nisa da na asali ba. Bambancin yakan fito a jikin ƙarfe da makunni. Ta roba ba ta son takun mai fushi.

Saitin da nake farawa da shi kullum: inda aka rubuta Drive, ajiye shi daidai ƙarfe 9 na fuskar agogo. Tone a ƙarfe 12. Level kuma ka riƙa ɗagawa kana taka fedar kana kashewa, har sai sautin in an kunna ya ɗan ɗara na in an kashe. Sannan ka rage mamurɗin ƙara na jikin jitar zuwa 7, ka yi rakiya a haka, in lokacinka na fita ya zo ka buɗe shi 10 da ɗan ƙaramin yatsa. Feda ɗaya ta ba ka sauti biyu.

Tunda kiɗan Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya zaga duniya, samari ke ta tambayata fuz. Ba laifi, amma ka sani tsohon samfurin Fuzz Face na 1966 da masu kwaikwayonsa suna amfani da taransista (ƙaramin kayan lantarki da ke cikin fedar) na sinadarin jameniyom, shi kuwa jameniyom zafi na canza masa hali. Fedar da ta yi daɗi da safe, ka ajiye ta a kan siminti cikin ranar Afrilu, sai ka ji ta shaƙe tana tari. In dole sai fuz, nemi ta silikon, irin Big Muff. Ita ma ta zama saye na huɗu ko na biyar.

Ta uku eko, wadda za ka ga an rubuta Delay a jikinta. Iri biyu ne. Analog, kamar Boss DM-2 ta 1981 ko MXR Carbon Copy, maimaicinta yana dusashewa yana duhu, yakan kwanta a bayan kiɗanka bai tsone wa kowa kunne ba. Dijital, kamar Boss DD-3 ta 1986, tana mayar maka da abin da ka buga sak, kuma jinkirinta na kai milisakan 800 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), alhali tsohuwar DM-2 a 300 take tsayawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne ko fedar tana karɓar lokaci da ƙafa, ka taka sau biyu ko uku daidai da ganga ta ɗauka. DD-3T da DD-8 suna yi. Mai ganga a biki ba agogo ba ne, da an fara liƙi zai ƙara gudu, ekon da ka saita da hannu a farkon waƙa ya koma yana karo da kai.

In fedarka ba ta da wannan, ga lissafin: raba 60,000 da yawan bugu a minti. Waƙa mai bugu 120 a minti, eko ɗaya milisakan 500 ne. Kana son mai gudun doki, ɗauki kashi uku cikin huɗu, wato 375. Maimaici biyu ko uku ya isa, ƙararsa kuma ta kasance ƙasa da ta jitar sosai. Sannan ka je ka sami mai mikisa cikin girmamawa, ka ce, "Maigida, don Allah a cire mini eko a layina, na taho da nawa." Masu sautinmu suna son eko kamar me, in nasa ya hau kan naka ba mai jin abin da kake bugawa.

Ribab a fili tana taimakawa, tunda babu bangon da zai dawo da sauti. A zauren taro mai siminti ɗakin da kansa ya riga ya yi maka, kashe ta. Koras, feza (mai sa sauti ya riƙa juyawa) da wa-wa (mai sa jita ta yi kamar tana cewa wa-wa) kayan ado ne, sai ka ji waƙa ta nema. Kwamfuresa kuwa, mai daidaita ƙarfin bugu, tana da amfani na gaske ga masu kiɗan hailaif da sukus, da masu jita a coci, inda ake son kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa. Sai dai tana ɗago ƙugin waya tare da sautin.

Wanda ba shi da amfilifaya, kai tsaye yake shiga mikisa, duk wannan lissafin nasa ya canza. Obadirab cikin mikisa ba tare da sifikar jita a tsakani ba tsatsa take yi a kunne. Gara ya sayi akwati ɗaya mai komai a ciki, irin Zoom G1 Four ko Boss GT-1, domin suna kwaikwayon amfilifaya da sifikarta. Aibinsu shi ne sai ka zauna ka koyi shiga da fitansu, kuma ranar da akwatin ya ƙi tashi, komai ya tafi tare.

Jeri: daga jita zuwa tiyuna, sai wa-wa da kwamfuresa in akwai, sai obadirab, sai koras, sai eko, ribab a ƙarshe. Dalilin shi ne kana son eko ya maimaita sautin da aka gama gyarawa. Ka sa eko kafin obadirab, kowane maimaici zai sha kaushi, su haɗu su dagule. Fuz irin ta da ita kaɗai ke son zama ta farko, tun kafin tiyuna, domin fedojin Boss suna da wata da'irar lantarki a ciki da ke aiki ko an kashe su. Da'irar tana kare sauti daga dusashewa in wayarka ta wuce mita 6, amma tsohuwar fuz ba ta shiri da ita.

Yanzu wuta, inda feda ta fi mutuwa. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, DC, wato wuta irin ta batir, kuma tsakiyar bakin adaftar shi ne mai alamar ragewa. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet da ke yawo a gida bakinta yakan shiga daidai, amma galibi bolt 12 ce kuma tsakiyarta mai alamar tarawa ce. Shigarta ɗaya sai ka ji ƙauri. Duba ɗan zanen da ke jikin adafta da na jikin feda, su zo ɗaya. Duba kuma kada a ce AC take fitarwa, wato wuta irin ta soket. Adaftar da ta zo da kayan gwanjo daga Amurka, karanta bayanta: in 120V kaɗai aka rubuta, wutarmu ta 220 zuwa 230 za ta cinye ta nan take. Nemi mai 100 zuwa 240.

Sai yawan abin da suke sha, wanda ake rubutawa da mA. Obadirab ba ta kai ko 30 ba, wasu ma ƙasa da 10. Eko na dijital yakan sha 50 zuwa sama, manyan na zamani har 300. Tara na dukkan fedojinka, adaftar ta fi jimillar, kada ta zo daidai-wa-daida. Yawan mA a adafta ba ya cutarwa, feda abin da take buƙata kaɗai take ja. Waya mai rassa, wadda ke raba adafta ɗaya ga feda da yawa, ta isa ga ukun nan. In ka ji wani siririn fito ya shigo bayan ka ƙara ta dijital, ware mata tata adaftar, ko ka sayi akwatin wuta mai raba kowace kafa daban. Ni a wurin da ban yarda da janareta ba, fawa-bankin waya nake sawa da wayar da ke mayar da bolt 5 zuwa 9, bayan na auna bakinta da mita na tabbatar da inda ragewa take. Mai amfani da batir ya tuna: muddin waya na soke a kafar Input, batir na ci ko fedar a kashe take.

Wani abu da ba na wasa da shi: in ka riƙe tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirufo ka ji ya ja ka, ajiye jitar. Wayar ƙasa ce babu a haɗin wurin. A kira mai wuta ya gyara kafin a ci gaba, kuma kada ka bari wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifayarka wai don ƙugi ya ragu.

Allon da za ka jera fedojin a kai ba sai ka saya ba. Kafinta zai yanka maka katako mai faɗin da zai shiga jakarka, ya sa masa ɗan tudu a baya don ya karkato. Abin mannewa irin na bakin takalmin yara shi ake amfani da shi, amma zafinmu yakan narkar da gam ɗinsa, don haka ni huda katakon nake yi in ɗaure kowace feda da igiyar roba ta ɗaure waya. Gajerun wayoyin da ke tsakanin feda da feda su suka fi kawo matsala, ajiye guda biyu a jaka. Lokacin hunturu ƙura na shiga mamurɗai su fara ƙaras-ƙaras. Mai gyaran rediyo yana da feshin wanke su. Kada ka fesa man da ake kwance ƙusa mai tsatsa da shi.

In ta hannu za ka saya, a Sabon Gari ne ko Alaba ko wurin wani makaɗi, tafi da jitarka da wayarka da adaftarka. Murɗa kowane mamurɗi daga farko har ƙarshe kana saurare. Taka makunnin sau da yawa a jere, ka ga ko akwai takun da bai kama ba. Girgiza wayar a bakin kafa, in sauti na yankewa a rage maka kuɗin gyara. Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Kuma ka roƙi mai shago ya bar ka ka ɗaga ƙarar amfilifaya daidai yadda kake yi a fili, ko na minti ɗaya ne, domin ƙugin da feda ke ɓoyewa a ƙaramar murya a nan yake fitowa.