Yadda ake tantance fayil ɗin burauza kafin a shiga Absher ko banki

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda kwamfutar hannu suke saye, wasu a kasuwar haraj, wato kasuwar kayan gwanjo, wasu kuma a wajen abokin aiki da zai koma gida, kuma galibi suna samunta da Chrome ko Firefox a ciki. Da wannan burauza ɗin, wato manhajar buɗe shafukan intanet, mutum zai shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, domin duba iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya shiga banki, ya aika wa iyali kuɗi. Matsalar ita ce suna da tambari ba su tabbatar da komai ba, domin kowa yana iya raɗa wa muguwar manhaja suna chrome.exe ya manna mata hoton Google. Abin da ke tabbatarwa shi ne inda fayil ɗin yake zaune da kuma sa hannun da yake ɗauke da shi.

A fara da buɗe burauzan, sannan a danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda domin Task Manager ya fito, wanda a kwamfutar da Windows ɗinta na Larabci ne ake kira Mudirul Maham. Kada a firgita idan aka ga chrome.exe ya bayyana sau goma ko fiye, domin Chrome yana raba shafuka da ƙarin kayan aikinsa zuwa ayyuka daban-daban, kuma haka aka gina shi. A danna ɗaya daga cikinsu da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Open file location.

Chrome na gaske yana zaune ne a C:\Program Files\Google\Chrome\Application, ko a Program Files (x86) a tsofaffin na'urori, wani lokaci kuma a AppData\Local\Google\Chrome\Application idan mutum ɗaya aka girka wa shi. Edge, burauzan Microsoft, yana C:\Program Files (x86)\Microsoft\Edge\Application da sunan msedge.exe, shi kuwa Firefox yawanci yana C:\Program Files\Mozilla Firefox. Idan fayil ɗin ya fito daga Temp, ko Downloads, ko cikin babban fayil na Windows kansa, to akwai lauje cikin naɗi. A kuma ƙura wa sunan ido, saboda masu zamba sukan sa sifili a madadin harafin o, ko su ƙara harafi ɗaya da ido ba ya saurin kamawa.

Sai dai mazauni kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. A danna fayil ɗin da maɓallin dama, a zaɓi Properties, wato Khasa'is a Larabci, sannan a nemi shafin Digital Signatures. Sa hannun dijital hatimi ne da kamfani ke bugawa a kan manhajarsa, kuma da zarar an sauya ko da ɗan ƙanƙanin abu a cikin fayil ɗin, hatimin ya lalace. Sunan da ya kamata a gani shi ne Google LLC ga Chrome, Microsoft Corporation ga Edge, Mozilla Corporation ga Firefox. Ganin sunan bai isa ba. Sai an danna shi, an shiga Details, an ga Windows ta ce sa hannun yana da inganci. Kada a ruɗe da wani shafin mai suna Details da ke cikin Properties, wanda ke nuna sunan kamfani da lambar sigar manhaja, domin wannan rubutu ne kawai da duk mai haɗa manhaja yake iya cikewa yadda ya ga dama. Idan kuwa shafin sa hannun babu shi gaba ɗaya, to a rufe burauzan nan take.

Mai son ƙarin tabbaci yana iya ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin da aka kafa a Sifaniya a 2004, Google ya saye shi a 2012, wanda ke gwada fayil da manhajojin riga-kafi kusan 70. Idan ɗaya ko biyu marasa suna ne suka yi ƙorafi alhali sa hannun yana da inganci, galibi kuskure ne, amma idan manyan kamfanoni da yawa suka haɗu a kan magana ɗaya, to ba a musu da su. A kiyaye, abin da aka ɗora a can masu bincike suna iya ganinsa, saboda haka ba wurin gwada hoton fasfo ko iƙama ba ne.

Yana yiwuwa fayil ɗin ya zama lafiyayye amma an lalata abin da ke kewaye da shi. A duba Properties na gunkin burauzan da ke fuskar kwamfuta, a tabbatar layin Target ya ƙare da sunan fayil ɗin ba tare da wani baƙon adireshi a bayansa ba, sannan a rubuta chrome://extensions a wurin rubuta adireshi na Chrome domin ganin ƙarin kayan aikin da aka ɗora masa, a cire duk abin da ba a san wanda ya saka shi ba. Duk shafin da ya ce a sauko da fayil domin sabunta Chrome ƙarya yake yi, domin Chrome da kansa yake sabuntawa.

Idan bincike ya nuna jabu ne, a cire kwamfutar daga intanet, a shiga Windows Security a gudanar da binciken Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna na'urar ya bincika kafin Windows ta tashi. Daga nan a ɗauki waya, ba wannan kwamfutar ba, a sauya kalmar sirri ta imel da Absher da banki, kuma a kira bankin ta lambar da ke bayan kati idan an taɓa shigar da bayanan katin. Sabon burauza kuma daga google.com/chrome ko mozilla.org za a sauko da shi, ba daga filashin mai gyara ba.